Ƙarar da Ukasha Ya Kashe

Ƙarar ta fara ne ranar Talata, a hanyar dawowa daga wurin ɗaukar fim. Ba wata babbar ƙara ba ce. Kaf-kaf-kaf, kamar ana buga cokali a gindin tukunya, kuma ba a jin ta sai mota ta hau kwalta mai gargada. Amma 'yar wasan da aka ɗauko ta ce ta sa mata ciwon kai. Maganar ta kai kunnen mai kamfani, daga can ta gangaro kan Abakar, daga Abakar ta sauka kan Ukasha.

Motar irin wadda ake kira karafan ce a Alƙahira, wato mota mai girman bas da aka yi wa gida a ciki, da gado da banɗaki da ɗan kicin da falo. Kamfanin yana da guda shida a wani fili mai katanga a gefen hanyar Mansuriyya, yana ba masu shirya fim haya don 'yan wasa su samu wurin hutawa da canza kaya. Wannan ta fi sauran daraja domin falonta yana buɗewa. Idan an tsaya aka danna maɓalli, sai wani yanki na bangon hagu ya turo waje tare da doguwar kujerar da ke jikinsa, kamar an jawo durowar tebur. Durowa ma ake ce masa a garejin. Idan za a tashi sai a mayar da ita ciki, a danna sakata biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kowace ta shige raminta a daɓen motar. Daga wajen ta baya ƙarar take fitowa.

Abakar shi ne babban direba, kuma shi ke kula da gyara. Bahaushen Sudan ne, haifaffen Mai Wurno, mai faɗin kafaɗa, dariyarsa a kusa take. Ukasha kuwa ɗan Gusau ne, yana shekara ta uku a karatun Shari'a. A garejin mahaifinsa ya tashi, saboda haka Alhamis da Juma'a yakan ajiye littafi ya zo ya riƙe sifana. Abakar yana ce masa Maulana, shi kuma yana ce masa Usɗa, wato oga a bakin Misirawa.

Wannan Juma'ar ba a ɗaukar fim, sai Abakar ya roƙi aron karafan ɗin na yini guda, aka ba shi da sharaɗin ya dawo da ita ba ƙara. Matarsa Mahasin ta cika kwana arba'in da haihuwa, kuma a al'adarsu ranar arba'in mai jego takan je bakin Nilu da jaririnta da mata 'yan uwa, ta wanke fuska da hannu da ƙafa, a shafa wa jariri ruwan a goshi. A cikin birni duk an katange bakin kogin, sai suka zaɓi Ƙanatir, can arewa, inda akwai lambuna kuma mutum zai iya taka ruwa da ƙafarsa. Mahaifiyar Abakar, Hajja Dije, gwiwoyinta ba za su ɗauki hawa da saukar ƙananan bas ba. Matar Ukasha, Fauziyya, tun da sassafe ta bar unguwarsu ta Hayyin Ashir ta tafi gidansu Mahasin a Ard al-Liwa don taya girki, kuma da ita za a yi tafiyar.

Ƙarfe bakwai Ukasha ya shiga motar da jakar kayan aikinsa. Ya danna maɓalli, durowa ta fita. Ya sake dannawa, ta koma. Ya danna sakatar gaba, ta shige har wuya. Ya danna ta baya, ta tsaya a bakin ramin tana lilo. Ƙarfe ne mai kaurin babban yatsa, ya kaɗa shi da hannu, sai ga ƙarar nan, kaf-kaf, ita ce ba wata ba.

A garejin mahaifinsa duk abin da ya yi ƙara maganinsa ɗaya ne, a yanko zirin roba daga tsohuwar robar cikin taya a naɗe shi. Salansa, murfin batir, madubi, ƙofar but, duk da ita ake rufe musu baki. Ukasha bai taɓa rabuwa da ƙullinta a jaka ba, har Misirawan garejin suna yi masa tsiya a kai. Ya yanko kamu guda, ya naɗe bakin sakatar sau uku, ya ɗora ta a kan ramin ya taka da dunduniya. Ta cije. Ya girgiza kujerar da ƙarfinsa, shiru. Ya tayar da motar ya zagaya filin sau biyu, ya bi ta kan ramukan da ke kusa da ƙofa da gangan, shiru.

Ya yi tunanin shiga ƙarƙashin motar ya ga dalilin da ya hana sakatar kaiwa tun farko. Tunanin ya zo masa, ba zai ce bai zo ba. Amma an wanke motar da asuba, ƙasan duk caɓi ne, ga Abakar tsaye cikin farar jallabiya da rawani yana kaɗa makulli yana duban agogo.

"Ta mutu, Maulana?"

"Ta mutu, Usɗa."

Tara da rabi karafan ta fita daga ƙofa. Lungunan Ard al-Liwa ba sa ɗaukar mota irin wannan, don haka an shirya matan su fito su jira a ƙarƙashin gada, daga nan a hau Da'iri, babban titin da ya kewaye birnin, a yi arewa. Ukasha ya koma kan famfon ruwan wata karafan da za ta fita aiki washegari.

Wajen goma da kwata Amm Hadi mai gadi ya zo ya tsaya a kansa. Dattijo ne daga kudancin Masar, mai ƙarancin magana, yana share filin kowace safiya ko ba a sa shi ba. Ya miƙo wani abu a tafin hannunsa, ya tambaya da Larabci ko na amfani ne ko ya zubar. Ya ce a inda motar Usɗa ta tsaya ya tsince shi.

Rabin noti ne, bai kai gaɓar yatsa ba. Jikinsa baƙi da giris, amma inda ya karye yana ƙyalli, sabuwar karaya ce.

Ukasha ya juya shi sau ɗaya ya gane shi. A ƙarƙashin durowar akwai doguwar sandar ƙarfe da inji ke juyawa, kowane bakinta da giya mai haƙora, su ne ke tura ɗakin durowar waje su jawo shi ciki, kuma su ne ke riƙe da shi idan inji ya tsaya. Kowace giya noti ɗaya ne ya haɗa ta da sandar. Wannan na baya ne. Ya tsage tun Talata, giyar baya ta daina ja, giyar gaba ce kaɗai ke jan ɗakin, shi ya sa bayan yake saura kaɗan bai shige ba, shi ya sa sakata ba ta samun raminta. Ƙarar ba ciwon ba ce, ita ce ke faɗar ciwon. Da safen nan da ya yi ta fitar da durowar yana mayarwa, notin ya ƙarasa karyewa ya faɗo. Sakatar da ya naɗe kuwa ta ƙara kauri, ba ta shiga ramin ba, roba ce kawai ta maƙale a bakinsa.

Wato a wannan lokacin babu abin da ke riƙe da bayan ɗakin sai zirin roba.

Ya zauna a kan bokitin da ke kife. Muddin motar tana miƙe, ko tana karya hagu, nauyin ɗakin ciki yake dannawa. Da zarar ta karya dama da gudu, waje zai nufa. Ya san hanyar, ya bi ta da Abakar. Daga Ard al-Liwa har a haye Nilu kusan miƙaƙƙiya ce. Bayan gadar ne ake sauka zuwa hanyar Ƙanatir, kuma saukar doguwar kwana ce ta dama, mai gangara, da katangar siminti a hagu. A kan doguwar kujerar nan za a zaunar da manyan baƙi, domin ita ce mafi kyau a motar.

Safiyar Juma'a ce, titunan Alƙahira babu kowa. Da ranar aiki ce da cunkoso ya riƙe su awa biyu.

Ya ciro waya. Yatsansa ya zame a kan gilashin saboda giris, sai da ya goge a wando. Abakar ya ɗauka a bugu na uku. A bayansa ana kiɗan dalluka, ƙaramar gangar matan Sudan, ana tafi.

Ukasha ya yi sallama. Ya tambayi hanya. Ya tambayi jikin Hajja, ya tambayi mai jego da jaririya. Yana yi yana jin bakinsa yana tafiya shi kaɗai a kan hanyar da ya saba bi tun yana yaro. A gidansu ba a faɗar mugun labari kai tsaye. Ranar da kakarsa ta rasu ce masa aka yi jikin ya ɗan matsa, ya zo gida, sai da ya hango tabarmi a ƙofa ya gane. Haka ya ga ana yi, haka ya iya. Ga shi kuma wannan labarin da sunansa a ciki.

"Usɗa, akwai ɗan abin da na gani bayan tafiyarka. In ka samu wuri ka ɗan tsaya a duba durowar nan."

"Wace durowa? Maulana, ai ka yi aiki. Tun daga gareji ko tari ba ta yi ba. Robar Gusau ta kayar da injiniyoyin Turawa."

"Duk da haka, da za ka ɗan rage gudu."

"Ya zol, mutumina, hanya fayau take, kuma Hajja so take ta yi azahar a bakin ruwa. In mun isa na duba. Ga kyamara nan a gaba, khalas, shi ke nan, sai anjima."

Ya kashe. Ukasha ya sake kira, ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake, ya sake. Ya san abin da ya faru. Tun ranar da kyamarar hanya ta kama Abakar da waya a kunne, in ya doshi kyamara jefa ta yake a aljihun gaban mota ya rufe.

Amm Hadi bai tafi ba. Ba ya jin Hausa, amma ya ga notin kuma yana ganin fuskar. Ya tambayi abin da ake ciki, Ukasha ya gaya masa a jumla biyu, da Larabci abin ya fito masa a sauƙaƙe. Dattijon ya ce to me ya ce wa Usɗa. Ukasha ya maimaita masa.

"Wato gaishe shi ka yi," in ji Amm Hadi.

Ukasha ya kira Fauziyya. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya san tana cikin jaka, jakar kuma tana can ƙarƙashin kulolin abinci. Ya duba agogo, goma da ashirin da biyu. Ya sake kira. A zuciyarsa yana bin titin, ga saukar Bashtil ta wuce, ga Warraƙ. Ya kira na uku yana tsaye, bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Malam?" Muryarta da dariya a ciki, kiɗan ya kusa rufe ta. "Lafiya?"

"Lafiya lau," in ji shi. Amsar ta riga shi fita. "A ina kike zaune?"

Ta ce a doguwar kujera. Hajja ce ta kira ta ta zaunar da ita a gefenta, ta ɗora mata jaririyar, Rawan, a cinya. Anti Mahasin tana ɗaya gefen.

"Tashi ki koma baya, kan gado."

Ta rage murya. Ta ce yaya za a yi ta tashi, yanzu-yanzun nan tsohuwa ta karrama ta a gaban mutane, ai sai a ce ta raina wurin. Ta ce in wata magana ce ya bari su isa. Ya tambaye ta inda suke. Ya ji ta ɗan juya, sannan ta ce tana ganin ruwa, sun hau gada.

Daga tsakiyar gadar zuwa bakin saukar bai fi minti biyu ba a irin gudun Abakar.

"Fauziyya, saurare ni. Bangon da kuke jingine da shi ba a kulle yake ba. Ni na gyara, kuma ban gyara daidai ba. In motar ta karya dama zai fita waje da ku. Ku tashi dukanku, yanzu. Ki ce wa Usɗa kada ya sauka, ya miƙe."

Ya ɗauka layin ya katse, har ya ciro wayar daga kunne ya duba. Sai ya ji muryarta, ba da shi take ba. Shekara biyu da suka san gidan Abakar, Fauziyya ba ta taɓa wuce ina kwana da shi ba, shi ma kanta a sunkuye, kuma ba ta taɓa kama sunansa ba.

"Abakar, kada ka sauka. Miƙe."

Kiɗan ya tsaya. Wata mata ta yi tambaya da Larabci. Can nesa muryar Abakar ta ce ya riga ya shiga, ba hanyar komawa. Fauziyya ta ce a karɓi yarinyar, ta faɗa sau biyu. Aka yi wani motsi mai nauyi, kamar an ja buhu a ƙasa. Sannan wani dogon kuka ya taso na ƙarfe a jikin siminti, ya yi ta yi bai ƙare ba, kofuna suka tarwatse, wata murya tana kiran sunan Allah. Wayar ta faɗi, ya ji tana gangarawa tana bugun abubuwa. Layin ya katse.

Ya kira, a kashe. Ya kira Abakar, ta yi ta ƙara a cikin aljihun mota. Ba shi da lambar Mahasin, domin ba ya ajiye lambar matar wani.

Amm Hadi ya riga ya jawo babur ɗinsa daga ƙarƙashin rumfa, tsohon babur da yake zuwa sayo burodi a kai. Ya tattare jallabiyarsa ya cusa a tsakanin cinyoyi ya buga shi ya tashi. Ukasha ya shiga ɗakin kaya ya buɗe gwangwanin notina ya zaɓi guda biyu masu girman wanda ya karye, ya ɗauki sifana da tocila da wuƙa. Yana zubawa a aljihu ya san cewa in abin da yake tsoro ne ya faru, babu abin da noti zai yi. Ya ɗauka duk da haka, hannunsa yana neman abin riƙewa.

Sun yi kusan rabin awa a hanya. Babur ɗin ba ya wuce sittin, manyan motoci suna wuce su iska tana kaɗa su. Ukasha ya riƙe ƙarfen baya da hannu ɗaya, ɗayan yana kan waya, yana kira ba ya jin komai saboda iska. Ya so ya yi addu'a, ya fara ɗaya daga cikin waɗanda ya haddace, ya kai tsakiya ya rasa ƙarshenta. Abin da ke dawo masa shi ne faɗin ɗakin da nauyinsa, da giya ɗaya da sakata ɗaya da suka rage a gaba, da ko za su iya riƙe shi su kaɗai in bayan ya bugi katanga. Ya taɓa ganin yadda aka haɗa daɓen. Katako ne da siririn ƙarfe. Wata motar asibiti ta wuce su da jiniya a daidai Warraƙ, ya bi ta da ido har ta sauka ta wata hanyar, sannan ya lura ya cije leɓensa har ya fashe.

A kan gadar ya miƙe tsaye a kan matakan babur yana leƙen gaba. Ba hayaƙi. Ba taron jama'a a saman. Suka shiga saukar. A tsakiyar kwanar, a jikin katangar hagu, ga dogon zane fari da baƙi, ya kai tsawon bas uku, ga fasassun robobin fitila a ƙasa. Amm Hadi ya rage gudu ya duba.

Karafan tana ƙasa, an faka ta a kan turɓaya kusa da wani mai sayar da lemo. Gaban durowar yana nan a wurinsa. Bayanta ya fito kamu guda da wani abu, a karkace, kusurwar ta lotse ta yage, ana ganin farin soson da ke cikin bango.

Matan suna zaune a kan tabarma a inuwar gada. Ukasha ya sauka tun babur bai gama tsayawa ba, ya fara ƙirga su, ya kai bakwai, sannan ya tuna bai san su nawa suka shiga ba. Ya sake bi fuska-fuska. Ga Mahasin da jaririya a ƙirji tana shayar da ita a ƙarƙashin mayafi. Ga Hajja Dije an jingina ta da kular abinci, ƙafafunta a miƙe, takalmi a ƙafa ɗaya. Ga Fauziyya a bayanta, hijabinta ya jiƙe da shayi daga kafaɗa zuwa ƙasa.

Wata daga cikin matan ce ta ba shi labari, ba tare da ya tambaya ba. Mahasin ta karɓi yarinyar ta faɗa ɗaya gefen. Hajja ta kasa tashi saboda gwiwa, sai Fauziyya ta kama ta ta hammata ta jawo ta ƙasa. Ba su gama kaiwa daɓe ba kujerar ta ja baya, haske ya shigo ta ƙasa, suna ganin kwalta tana gudu a daidai inda ƙafafun tsohuwar suke. Ta nan takalmin ya tafi. Abakar ya riga ya taka birki, shi ya sa katangar ta goge ɗakin kawai ba ta fizge shi ba. Wayar Fauziyya ta bugi ƙafar tebur ta fashe.

Ukasha ya durƙusa a gaban Hajja Dije ya gaishe ta. Ta amsa, ta dube shi ta ce ashe shi ne mai gyaran. Ya ce shi ne. Ta ce to Allah ya kyauta, ta juya ta nemi a ba ta ruwa.

Abakar yana tsaye a bayan motar, rawaninsa a hannu. Bai ɗaga murya ba. Ukasha ya miƙa masa rabin notin, ya karɓa ya duba ya gane, domin shi ma ya san ƙarƙashin motar.

"Da ka kira ni, ka riga ka ga wannan?"

"Na gani, Usɗa."

"Ka tambayi jikin Hajja. Ka tambayi mai jego. Ka ce ɗan abu."

Abakar ya ci gaba.

"Uwata ce a kan kujerar, Maulana, da 'yata. In ka sake ganin irin wannan, ka zage ni in ka ga dama, amma ka fara da abin."

Ya mayar masa da notin ya ce su yi aiki. Ukasha ya kwanta a turɓaya ya shige ƙarƙashi da tocila a baki. Giyar baya tana juyawa a banza a kan sandar, kamar yadda ya zata. Ya fitar da guntun da ya maƙale a ramin. Abakar da Amm Hadi da mai lemo da wani direban tasi da ya tsaya kallo suka sa kafaɗa a jikin ɗakin suka tura, yana daga ƙasa yana ce musu ƙara, ƙara, tsaya, har ramin giya ya yi daidai da na sanda. Ya zura sabon noti ya ɗaure. Ya duba na gaba, ya ga ya lanƙwashe, ya canza shi ma. Sannan ya fito ya shiga ciki, ya yanke robar da wuƙa, ya danna maɓalli. Ɗakin ya yi gurnani a inda ya lotse, ya shige gaba da baya tare. Ya saki sakatar baya, ta faɗa raminta da nauyin kanta har wuya. Abakar ya zo ya ɗaga ta ya sake saki, ya yi haka sau uku. Ya nemo wani guntun katako a gindin gada ya tokare tsakanin bakin ɗakin da bangon motar ta ciki. A kusurwar da ta yage har yanzu ana ganin haske.

Aka yi shawara a kan tabarma. Wasu suka ce a koma gida a tasi. Hajja Dije ta ce ba ta baro Ard al-Liwa don ta zauna a ƙarƙashin gada ba, kuma saura tafiyar kwata ɗaya. Aka ara mata silifas. Matan suka shiga ɗaya bayan ɗaya, kowace ta bi ta gefen dama, wasu suka hau gado, wasu suka zauna a daɓe a jikin kicin. Babu wadda ta kalli kujerar.

Fauziyya ce ta ƙarshe. Ta tsaya a bakin ƙofa kusa da Ukasha tana gyara hijabi, ta yi magana yadda shi kaɗai zai ji.

"Da farko ni kaɗai ka ce in tashi."

Ta hau ba ta jira amsa ba.

Ukasha ya juya zai bi Amm Hadi su koma gareji, Abakar ya kira shi daga kujerar direba. Ya ce mai gadi ya san hanya shi kaɗai. Ya nuna masa doguwar kujerar da makullin da ke hannunsa.

"A nan za ka zauna. Can ƙarshe, ta baya."

Ukasha ya hau ya rufe ƙofa. Ya zauna a daidai inda Hajja ta zauna, ya jingina bayansa da bangon. Kujerar tana da sauran danshin shayi. Matan suna fuskantarsa daga ɗaya gefen, dalluka tana kife a cinyar mai ita. Abakar ya tayar da mota ya hau kwalta a hankali. Tsakaninsu da Ƙanatir akwai kwanoni huɗu na dama, Ukasha ya san su duka. Ya ɗora tafin hannunsa a kan daɓe, kusa da ƙafarsa, inda durowa ta haɗu da jikin mota, ya bar shi a nan.